Rasuwar Giyabos ɗin Motar Kyaftin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Akawu, mijin 'yar autar Kyaftin, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar giyabos ɗin motar surukinsa. Marigayin ya cika ranar Asabar da hantsi, a tsakar gida, a kan wani tsohon kwali. An sanar da kowa, ban da mai motar.

Marigayin ya yi tsawon rai. Kyaftin, wanda tsohon soja ne, ya saye shi tare da motar tun kafin a haifi matar Akawu, kuma a gidan kowa ya san wanda ya fi fada a cikin su biyun. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar gaba zai shaidi halinsa. Ba shi da gardama, ba shi da surutu. Idan aka sa shi a ta ɗaya sai ya ce "ƙwal", a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar babban mutum. Idan za a yi baya sai ya yi ɗan gurnani, "uuum", na ladabi. Da yatsu biyu Kyaftin yake sarrafa shi.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga tafiyar Kyaftin neman maganin ido. Ya damƙa wa Akawu makulli da umarni guda: a tayar da inji kowace safiya ya ɗumama, a kashe. Iyalan mamaci ba sa son tsawaita magana kan yadda mota mai ɗumama a tsaye ta tsinci kanta a hawan kasuwa, shaƙe da buhunan siminti. Abin da aka tabbatar shi ne ta dawo tana ƙauri, kuloci ya ƙone.

Gareji bai yiwu ba, domin babu bakaniken da bai san motar ba, kuma babu wanda ba shi da lambar Kyaftin. Sai Akawu ya rufe ƙofar gida, ya jingina waya da taya, ya bi wani bidiyo. Giyabos ya fito lafiya. Sabon faifan kuloci ya shiga lafiya. Mutumin cikin bidiyon yana da wani ɗan ƙarfe na daidaita faifan a tsakiya. Akawu yana da sandar tsintsiya, kuma a idonsa tsakiya ta samu.

Da aka zo mayar da marigayin wurin amininsa inji, wanda suka yi shekara da shekaru fuska da fuska, sai ya tsaya. Saura faɗin yatsu biyu su haɗe, ya ƙi.

An yi masa duk abin da ake yi wa majinyaci. An girgiza shi dama da hagu. An ɗaga inji da jak, an sauke. An sa shi a giya an juya sandarsa ko haƙoran za su shiga juna. An shafa giris. An fito da shi, an leƙa da tocila, ba a ga komai ba, an mayar. Akawu yana kwance rigingine, ƙarfe a kan ƙirjinsa, gumi yana shiga kunnuwansa. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida, sai ya tsaya cak ya kasa kunne. Sau da dama ya ga takalman Kyaftin a gefen mota, baƙaƙe masu sheƙi, sai ya duba da kyau ya ga bokiti ne.

A wannan hali ne maƙwabcinsa Tela ya durƙusa ya leƙo.

"Kai ma dai, Akawu. Abin da ya rage yatsu biyu? Sa dogayen bol, kusoshin nan na ɗaure inji, ka jawo shi. Ko wando in ya ƙi hawa, ja ake yi."

Akawu ya sa bol. Ya ɗaura na dama, ya ɗaura na hagu, ratar ta fara raguwa, har ya soma tunanin zai rayu. Marigayin ya yi nishi, "iiiƙ", irin wanda ba a taɓa jin ya yi ba. Sannan ya furta kalmarsa ta ƙarshe: "ƙas". Tsaga ta bi wuyansa daga sama har ƙasa. Kafin Akawu ya fito daga ƙarƙashin mota, Tela ya tuna yana da ɗinkin gaggawa.

Bakaniken da aka ɗauko daga wata unguwa mai nisa ya tabbatar da rai ya yi halinsa, ya kuma ce irin wannan giyabos an daɗe da daina ƙera shi. Da ya zagaya ya ga fuskar motar da kyau, sai ya tattara sifanunsa, ya riƙe hannun Akawu da hannu biyu, ya ce shi bai zo gidan nan ba.

Marigayin ya rasu ya bar inji, wanda ke rataye a kan jak baki buɗe. Da sabon faifan kuloci, maraya tun bai fara aiki ba. Da tayoyi huɗu. Da bol guda da har yau ba a san inda ya fito ba. Ya kuma bar Akawu. An roƙi matarsa ta kai labari, tunda ita ce 'yar gaban goshi. Ta ce, "Ubana ne, shi ya sa na san shi. Kai ka ɗaura bol."

Game da jana'iza: an lulluɓe gawar da tampol a bayan tankin ruwa. Da an so a binne ta a ɓoye wurin masu sayen tsohon ƙarfe, amma jiya Kyaftin ya bugo waya. Aikin ido ya yi kyau, yanzu yana ganin allura a ƙasa. Ya ce kada a turo masa tasi, ɗansa Akawu ya zo tasha ya ɗauke shi a motarsa, ya yi kewar ta.

Saboda haka za a taru a babbar tasha ranar Laraba da la'asar, inda Akawu zai iso a ƙasa. Ana roƙon dattawa su tsaya a gaba, masu jiki su tsaya a tsakiya. Kyaftin ba ya ɗaga murya a gaban jama'a. Don haka a zo da yawa, kuma don Allah kada kowa ya yi gaggawar komawa gida.