Ƙuri'ar da ta maƙale a banɗaki

Jama'a, yau da ƙafa na tafi aiki. Wata baƙar mota mai tuta ta zauna daram a kan layin taragonmu, direban ya ce Mai Girma na ciki yana waya kan 'yancin ɗan Adam. Mu arba'in muka sauka cikin ruwan sama da namu 'yancin a hannu.

Shekara ashirin da shida ina kai abinci tebur a wani gidan cin abinci a nan Geneva. Da lokacin ƙuri'a ya zo a babban zauren taron ƙasashen duniya na kan tudu, sai mu cika maƙil. A can ake danna maɓalli, amma wallahi a teburina ake dafa ƙuri'ar. "Ka ɗaga mana hannu kan fursunoni, mu ba ɗan'uwanka kujera a kwamitin kifi." Da kunnena na ji, ina zuba shayi.

Maƙwabciyata Madam Odile ɗanta Bastien mai ɗaukar hoto ne. Shekara uku ke nan yana tsare a wata ƙasa saboda hoto ɗaya. Bana aka kawo ƙudurin a saki irinsu, aka ce ƙuri'a ɗaya ta rage.

Ta tare ni a matakala. "Gaspard, kai da kake goge wa jakadun nan baki kullum, ba za ka samo mini mutum ɗaya ba?"

"Madam, faranti nake ɗauka, ba ƙasa ba."

"To ɗauko mini mai farantin."

Na haɗa ta da Mai Girma Sarkin Cokali, jakadan da bai taɓa cewa a'a ba in akwai miya a gabansa. Aka kawo tukunyar narkakken cuku, kowa na tsoma burodi. Kun san ƙa'idarmu: wanda burodinsa ya suɓuce cikin tukunya, abin da tebur ya yanke masa shi zai yi. Loma ta uku, na Mai Girma ya nutse.

Odile ta ce, "Ranka ya daɗe, tararka ƙuri'a."

Ya dafa ƙirji. "Uwa, ɗanki ɗana ne. An gama."

Muka koma gida muna murna kamar yara. Mu nan in mutum ya yi alkawari a kan tukunya, magana ta ƙare. Ban gaya mata cewa washegari na gan shi a tebur na bakwai da mutanen ƙasar da ke tsare da yaron ba, burodinsa ya sake faɗawa har sau biyu.

Ranar ƙuri'a aka kira ƙasarsa, kujera wayam. Mai Girma na banɗaki. Minti goma sha ɗaya, daidai tsawon ƙuri'ar. Aka yi kunnen doki, ƙuduri ya faɗi.

Da na tambaye shi, ko kunya babu. "Gaspard, cukunku ne. Ruwan sanyi na sha a kai."

Madalla da wannan ciki mai sanin lokaci! Bai saɓa wa kowa ba, ƙanensa kuma yanzu masanin kifi ne a kwamiti.

Raina ya ɓaci ƙwarai, don Odile ba ta ko zage ni ba. Cewa ta yi, "Sai baɗi ke nan," ta ninke rigar sanyin da ta saƙa wa Bastien.

Mai Girma ya sake kama tebur na gobe. Na ba shi na kusa da banɗaki, tunda a can ƙasarsa ke kaɗa ƙuri'a.