Janar Ya Je Gidan Surukai

Masu sayar da barkono a kasuwar Alhamis suna ta yaɗawa wai ɗan kawuna Don Filogonio ya naɗa talo-talo waliyin ango a bikin ɗansa, wai tsuntsun ya dangwala ƙafa a littafin coci, har ya yi wa amarya nasiha. Ƙarya ce tsagwaronta. Ina wurin. Fada, limamin cocin, bai bar shi ya wuce bakin ƙofa ba. Abin da kawai ya faru shi ne talo-talon ya iso a kujerar gaba ta motar ango, sanye da 'yar kwat da tela ya auna shi ya ɗinka masa, uwar ango kuwa tana bayan akori-kura tare da tukwane.

Ai Filogonio ba ƙaramin mutum ba ne. Duk kwarinmu na Oaxaca babu kamarsa, shi da bakinsa ya faɗa mini. Ya yi shekaru a Los Angeles riƙe da babban muƙami a wani otal: duk farantin da attajiri zai ci abinci a ciki sai ya bi ta hannunsa, da soso da sabulu. Ya dawo mana da baƙin tabarau, da tumbi, da kalma biyu da yake buɗe kowace magana da su: "a can". Shi ya sa muke ce masa Don A-Can, wato Maigida A-Can. A can ba a tofar da yawu. A can ko ruwan sama sai ya sanar kafin ya zo.

Abokin shawararsa ɗaya ne a duniya, talo-talonsa Janar. Dafaffiyar masara yake ci, a kwano mai fure. Hotonsa na rataye a falo, sama da na matar gidan, Eufrosina. In suka fito zagaye da yamma, ƙirji gaba, wuya ja, har yau gardama ake wa ya koya wa wani tafiya.

To, sai auren ɗansa Ulises da Nayeli ya taso. Kowa ya san yadda ake yi. Dangin ango su yi wa talo-talo ado da furanni, su maƙala masa sigari a baki, su yi ta rawa da shi a bayan 'yan badujala har ƙofar gidan amarya, su miƙa wa uwarta. Daga nan hanyarsa ɗaya ce, tukunyar miyar mole ta washegari. Eufrosina, mace mai hankali, ta sayo wani ɗan tsamurarre don wannan aiki.

Filogonio ya zare tabarau ya dube shi.

"Wannan? Ƙashi da gashi ne zai wakilci gidanmu na Zárate a gaban jama'a?"

"Filo, ka dai san inda talo-talon rawa yake kwana," in ji Eufrosina.

"A can, dabba ɗan gida ne. Da idona na ga kare ya kai zoben aure, aka yi masa tafi, ya koma gida a mota. Janar zai je a matsayin babban baƙo, ya gaisa da surukai, ya dawo. Wace mace ce za ta kalli wannan ƙirjin ta tuna da wuƙa?"

"Cástula," in ji Eufrosina, ta ci gaba da niƙanta.

Doña Cástula ita ce uwar amarya. 'Yar guntuwa ce, da kyar ta kai kafaɗata, amma ko tattabara ta gifta a sama sai ta bi ta da ido tana tunanin albasa.

Ranar biki, bayan an fito coci, Filogonio ya hana kowa ɗaukar Janar. Da kansa ya ɗora shi a ka cikin kwando. Badujala ta ɓarke, wasan wuta ya tashi, gari ya zubo titi. Jama'a, ban taɓa ganin rawa irin wannan ba! Tumbi ya yi gabas, kwando ya yi yamma, Janar ya baje wutsiya kamar laimar gwamna. Ya haɗiye sigarin, ya cinye furannin, ya juya ya bar wa hular maigida wata shaida mai ɗumi. Filogonio ya ce a can alamar sa'a ce. Tsofaffi na guɗa, karnuka na haushi, mai busa ƙaho ya yi dariya a cikin ƙahon har ya shaƙe.

A ƙofar gidan amarya ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya.

"Jama'ar garinmu! Yau kun ga ci gaba. Wanda ke kaina ba tsuntsu ba ne, tarihi ne. Ya zo ne ya nuna wa surukanmu irin gidan da 'yarsu za ta shiga, gidan da in ya tashi bayarwa..."

"Sannu da rawa, suruki," in ji Cástula, da murya mai zaƙi wadda ta kai har layin baya. "Sauke ka huta. Ni fa na ji ana cewa aronsa za ka ba mu, mu kalla ka koma da abinka. Ba komai wallahi. Ba kowane gida ne ke iya bayar da babba ba."

Ɗan kawuna ya sauke kwandon. Ya dubi Janar, ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi.

"Aro?" ya ce. "Gidan Zárate? Doña, mu in mun ba da abu ko waiwaye ba ma yi!"

Tafi ya ɓarke. Ya sunkuya yana karɓar tafin, kafin ya ɗago kai, Janar na hammatar Cástula. Ta matsa ƙirjin da yatsa, ta jinjina nauyi, ta ce, "Kai, ka iya kiwo." Ta tuɓe 'yar kwat ɗin ta miƙa masa. "Riƙe wannan, ba za ta dahu ba."

Ana cikin shagali ya ja ni gefe, gumi na bin tabarau.

"Nicanor, ɗan'uwana na kaina. Ruga gida ka ɗauko tsamurarren nan, ka bi ta ƙofar baya, ka lallaɓe ta a yi musanya. Kada kowa ya gani."

Na ruga, na ɗauko, na bi ta baya. Cástula ta karɓa hannu biyu. Ta ce Allah ya saka wa surukinta, dama baƙi sun fi yadda aka zata. Ta rufe ƙofa. Na dawo na gaya masa an gode.

Washegari da rana aka taru cin mole. Filogonio ya iso cikin baƙaƙen kaya, ya sanar tun daga ƙofa cewa shi ko ruwa ba zai sha ba. Aka zaunar da shi a babban tebur kusa da Fada. Cástula da kanta ta kawo masa cinya guda, ta kai damtsen ɗan dambe, tana ninƙaya cikin baƙar miya mai ƙamshin barkono da cakulan. Wa ya isa ya mayar da abincin suruka?

"Zan taɓa ne kawai," ya ce, "don girmama mamaci."

Ya yagi tortiya, wainar masararmu, ya dangwala. Hawaye ya gangaro. Ya sake dangwalawa. Hawayen ya ƙaru, hannun ma ya ƙara sauri. Kafin Fada ya gama addu'a ƙashi ya fito fari tas.

Na matso da kujerata daga teburin 'yan rakiya.

"Don A-Can, ya jikin Janar? A can ma haka ake karrama babban baƙo, a tanɗe shi har ɓargo?"

Ya goge baki a hankali, ya miƙa faranti a ƙaro masa, ko kallona bai yi ba.

"Shi dai rana ɗaya ya je gidan surukai aka karɓe shi hannu biyu, har gari ya ƙoshi da shi. Kai da ka yi furfura kana bin bikin mutane, wace uwa ce ta taɓa matsa ƙirjinka ta ce za ka yi amfani?"