Baba Ba Zai Kori Kansa Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Fina-finai na Madubin Talaka, garkuwar marasa galihu, mai share hawayen leburori ta bayan gilashin mota.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mai ofis a hawa na sama, tare da fatan sanyin ofishin bai sa maka mura ba, ina neman izinin gabatar da kaina. Ni ce babbar 'yar mutumin da kamfaninka ke shirya fim a kan rayuwarsa, wanda kowa ke kira Mai Walda. Aikina tace labarai a gidan jarida. A kawo mini rubutu, in duba ko abin da aka ce ya faru ya faru ɗin, sannan a kai injin bugawa. Ka yi haƙuri da ni, sana'a ce ta ɓata ni.

Na zaɓi rubuto maka a bainar jama'a ne domin na sha zuwa ofishinka. Mai gadinka yakan buɗe mini da fara'a, sakatariyarka kuma ta ce kana taro a kan halin da talakawa ke ciki. Wace ce ni da zan katse irin wannan taro?

Ga masu karatun da ba su san Baba ba, idan kun taɓa kallon fim kuka ga wani mutum mai faɗin kafaɗa ya rugo da gudu ya buɗe get ya sara wa mota, shi ne. Ya haura shekara talatin yana wannan gudu. Ya yi gadin gidan attajiri, da na likita, da na ɗan siyasa, da na matsafi. An mare shi a wasu fina-finan, an kore shi a wasu, 'yan fashi kuwa sun ɗaure shi a kusan dukkansu. Mun taso muna kallon an ɗaure mahaifinmu a talabijin, shi kuma yana zaune kusa da mu yana cin abinci yana cewa wannan ɗaurin ko akuya ba zai riƙe ba. Gari na wayewa ya koma rumfarsa ya ci gaba da haɗa ƙofofi da tagogi, domin walda ce ta ciyar da mu, fim suna kawai ya kawo. A rumfar yake tsara waƙoƙinsa. Da guduma yake samo kiɗan kafin ya ɗauki jita, kuma direbobin haya da teloli da masu faci sun haddace su tun zamanin kaset.

Da muka ji za ku karrama shi, mun yi murna. Mama har labule ta sa aka wanke. Abubuwan da zan kawo a ƙasa ba ƙorafi ba ne, Allah ya kiyaye, 'yan gyare-gyare ne irin namu na jarida.

Na farko, jarumin da kuka ɗauko ya fito a matsayin Baba. Kyakkyawa ne, ba musu. Mai ladabi ne kuma, ya zo gida ya durƙusa ya gaida Mama, ta kalli tafin hannunsa ta tambaye shi wane mai yake shafawa. Kullum kafin a kunna kyamara masu kwalliya kan ɗiga masa baƙin mai a kunci ɗaya, gefen hagu, saboda nan hoto ya fi karɓarsa. An kuma hana shi sa tabarau na walda, wai idanunsa ne jarin kamfani. Baba ya ji tausayin yaron, ya ja shi gefe ya ce ya riƙa runtse ido idan tartsatsi ya tashi. Darakta ya yaba da wannan runtsewa ƙwarai. Ya ce ita ce zafin talauci a fuskar ɗan Adam.

Na biyu, rumfar. Ma'aikatanku sun zo dubawa suka tarar an share ƙasa, kowane sifana yana rataye a ƙusarsa, ga tukunyar fure da Mama ta ajiye a bakin ƙofa. Suka yanke hukunci cewa wurin bai yi kama da talauci ba. Washegari aka sauke mana mota guda ta ruɓaɓɓen ƙarfe, da yagaggen buhu a madadin labule, da wani ramammen kare da aka yi hayarsa don ya kwanta ya yi kallon tausayi. Maƙwabta suka ɗauka Baba ya karye. Gwaggona ta taso daga ƙarshen gari ta zo jaje. Shi kuwa karen, Mama ba ta iya ganin abu mai rai da haƙarƙari a waje, ta dinga zuba masa, ya yi ƙiba, kamfaninka ya sallame shi daga aiki. Yanzu yana gidanmu. Ina tabbatar maka shi kaɗai ne ya ƙaru da wannan fim zuwa yau.

Na uku, danginmu. Marubucinku ya mai da Baba maraya tun fitowar farko. Mahaifiyarsa tana nan da ranta, tana jin rediyo, haƙoranta sun fi nawa ƙwari. Da aka ba ta labarin rasuwarta ta ce a tambaye ku abin da ya kashe ta, don ta kiyaye. Mu 'ya'yansa shida kuma an dunƙule mu an yi yaro ɗaya mai tari. Ni ce babba, saboda haka ina jin ni ce mai tarin. Ban yi fushi ba, na saba ganin an rage rubutu don ya shiga shafi. Mama kuwa an ɗaga darajarta, ta zama 'yar manajan kamfani wadda ta bar daula ta bi talaka. Ka riƙe wannan a ranka, ranka ya daɗe, zan dawo kansa.

Na huɗu, rawar da kuka ba Baba. A fim ɗin rayuwarsa, bayan dogon nazari a kan baiwarsa, kwamitinku ya ga ya dace ya fito a mai gadi. Mu muka fusata, shi dariya ya yi. Ya ce ai gara haka, ko ba komai ya san aikin, ba sai an koya masa ba. Ya kuma ce kada a wahalar da mai kula da sutura, yana da kakinsa da usur ɗinsa.

Na biyar shi ne dalilin wannan wasiƙa, sauran duk rakiya suka yi masa.

Ga abin da ya faru a zahiri, na kuma ji shi daga bakin mutum uku da suke wurin. Baba yana saurayi ɗan koyon walda, ya ji ana gwajin 'yan wasa a wani gidan shirya wasan kwaikwayo. Ya aro jita ya tafi da kayan aikinsa a jiki, domin ba shi da wasu. Manaja ya hango shi ta tagar bene ya aiko cewa kada a bar mai datti ya shigo. Baba ya tsaya a waje, rana ta take, ya rasa ta gaba ya rasa ta baya. Sai mai gadin wurin, wani dattijo, ya zare sakatar ƙaramar ƙofa ya ce masa, "Shigo daga rana, ɗan nan, kada jitar mutane ta tsage." Ya ba shi benci, ya ba shi ruwa, ya ce tunda an ɗauko abin ai sai a kaɗa. Baba ya kaɗa ya rera a gindin ɗakin gadi. 'Yan wasa masu wucewa suka tsaya, wani darakta ya tsaya, aka kuma dace wanda zai fito a mai gadi ran nan bai zo ba. Dattijon ya tuɓe kakinsa ya ara masa, ya rataya masa usur. A ƙarshen watan manaja ya kori dattijon saboda saɓa umarni. Da Baba ya je mayar da kaki da usur, dattijon ya ce ya riƙe, shi ya gama da su.

Wannan dattijo shi ne mahaifin Mama. Ita ce ke kawo masa abincin rana a bakin get ɗin, a nan suka fara ganin juna da Baba. A gidanmu ya ƙare rayuwarsa, a ɗakin da Baba ya yi wa taga da hannunsa.

Ga kuma yadda abin ya koma a rubutun kamfaninka. Saurayi ya zo da jita. Mai gadi ya ɗaga kulki, ya zage shi, ya rufe get a fuskarsa. Sai manaja mai tausayi ya leƙo daga bene, hawaye na zuba, ya ce, "Shigo daga rana." A gidan jarida idan aka ɗauki maganar wani aka sa a bakin wani, mukan buga gyara da ban haƙuri a shafi na biyu. A wajenku na ji ana kiran abin fasaha. Na tambayi marubucin dalili, ya ce labari yana bukatar mugu, kuma masu zuba jari ba sa son ganin mugu a bene. Na gode masa, domin da wuya ka sami marubuci mai faɗin gaskiya haka.

Saboda haka abin da kuke so shi ne Baba ya sa kakin surukinsa, ya rataya usur ɗin surukinsa, ya ɗaga kulki ya kori kansa. Mama kuma ta zauna a silima ta kalli ubanta ana tsine masa.

An gwada ɗaukar wannan fitowa makon jiya, ina wurin. Darakta ya ba da umarni, jarumi ya taho da jita da baƙin mansa a kuncin hagu, Baba ya zare sakata ya buɗe. Aka tsayar, aka sake, ya buɗe. Darakta ya cire hula ya ce, "Baba, don Allah, rufewa za ka yi. Ka ɗaga kulkin nan ka daka masa tsawa!" Baba ya ce, "Na ji, ɗana. Hannun ne ba ya ji." Aka sake, ya buɗe, har da jawo benci. Mai riƙe da makirfo ya yi dariya har sandar ta shigo hoto. Jarumin kuwa, da rana ta ishe shi, ya shige ya zauna a bencin ya sha ruwan, kuma a iya sanina wannan ne wasa mafi kyau da ya yi tun da aka fara fim ɗin. Da yamma aka kira Baba a waya aka ce ranar Litinin za a sake gwadawa, idan bai rufe ba za a cire shi a kawo wanda zai rufe.

Ranka ya daɗe, ina da 'yan tambayoyi. Sunan fim ɗinku Shigo Daga Rana, sunan waƙar Baba da ta fi shahara. Da ita za ku rufe fim ɗin. A cikin ma'aikatanka akwai wanda ya taɓa sauraronta ya wuce amshi? Baiti na biyu yana maganar mai kaki wanda ya tsufa a tsaye, ya ba da inuwarsa aka karɓe masa aiki. Baiti na uku yana maganar na bene. Ba zan kawo shi nan ba saboda girmanka. Na san kun yanke baitocin biyu kun bar amshi, amma wa zai yanke su daga bakin direbobin haya? Ranar da aka haska fim ɗin, manajanku ya leƙo yana hawaye, kiɗa ya tashi, wane baiti kake jin 'yan kujerun baya za su ɗauka? Ni dai da zan ba ka shawara, da na ce ka zauna kusa da ƙofar fita.

Ba mu nemi ku dawo da kakata duniya ba, ta ce ta yafe. Ba mu nemi ku raba ni da tari ba. Ku bar jarumin da idanunsa, ku bar buhun a rataye. Abu ɗaya muke roƙo: ku bar get ɗin ya buɗu a hannun wanda ya buɗe shi.

Na san abin da cire Baba yake nufi gare shi, ko da yake bai faɗa ba. Wannan ne karon farko da sunansa zai fito a farkon fim, ba can ƙarshe ba bayan na mai kawo ruwa, lokacin da 'yan kallo sun riga sun tashi. Ya riga ya gaya wa duk abokan cinikinsa su duba sunan. Mun zauna da shi, ƙannena suka ce ya rufe ɗin kawai, ai wasa ne, kowa ya san wasa ne. Mama ta tashi ta shiga ɗaki. Baba ya bi ƙofar da kallo, sannan ya ce shekara talatin yana gudu ya buɗe wa motocin ƙarya get, ana marinsa ana ɗaure shi, bai taɓa jin ƙasƙanci ba, domin duk sanda ya zare sakata tsohon yake tunawa. Daga nan ya ce a miƙo masa dutsen guga.

Don haka nake sanar da kai cikin ladabi cewa kakin yana rataye a goge. Ranar Litinin Baba zai iso da wuri kamar yadda ya saba. Idan darakta ya ba da umarni, yaro ya taho da jita, zai buɗe. Idan har kamfani ya ga lallai sai an rufe, kada ku wahalar da wani talakan ku ɗora masa. Ka sauko da kanka, ranka ya daɗe, ka karɓi kulkin, ka kori yaron a gaban kyamara. Fim ɗin zai zo daidai da tarihi, ni kuma ba zan sami abin gyarawa ba. Baba ya ce in gaya maka akwai rana sosai a bakin get ɗin, amma zai ajiye maka benci da ruwa.

Allah ya ƙara wa bene tsawo, ya ƙara wa talakawa irinka.

Taka mai biyayya har ƙasa,

'Yar Mai Walda, jikar Mai Gadi,
wadda aka fi sani a fim ɗinku da yaro mai tari.