Ranar da Na Shayar da Tantan Gasara

Ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar da na kai tantan gonar surukaina a Basirka ba. Lokacin muna cikin Jihar Kano, kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati tana sayo sabbin injinan noma tana gwanjon tsofaffin. Wani Alhaji a Birnin Kudu ya sayi ɗaya, ni ne direbansa. Tsohuwa ce tukuf, amma a wancan zamani ko tsohuwar tantan ce ta ratsa gari sai an fito ƙofar gida an kalla.

Ciwonta ɗaya ne, datti. A duro ake kawo mana man gas, ƙasan duron kuwa tsatsa ce da yashi da ruwa. Don haka akwai ƙa'ida: ka bar duro ya kwanta, kada ka ɗebi na ƙasa, ka goge bakin tanki kafin ka buɗe, sannan ka shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a kan mazurari ka tace. Na san wannan sarai. (Har wa'azinsa nake yi wa sauran direbobi, ba tare da kowa ya tambaye ni ba.)

A shekarar ina neman auren Asabe, 'yar wani dattijo manomi da nake kira Baba. Ba ni kaɗai ba ne, akwai wani ɗan garin mai shanun huɗa, kuma Baba bai ce ga wanda zai ba ba. Al'ada ita ce mai neman aure ya tara abokansa su yi wa gidan gayya da damina. Ni na ce ba na bukatar kowa. Na roƙi Alhaji aron tantan, na sa farar riga (ka ji fa, farar riga a kan tantan), na kama hanyar Gwaram.

Da na isa sai na tsaya bayan gidan don in ƙara mai. Ga jarka, ga mazurari, ƙyalle kuwa yana Birnin Kudu. Ina waige-waige sai na hango wani fari an shanya a kan danga. Abin da ya kamata shi ne in yi sallama in tambaya. To wa zan tambaya? Ɓangaren Inna ne, uwar yarinya, wadda ko a hanya na hango ta sai in sake hanya. Sai na miƙa hannu na zare shi. Na ji ya ɗan sandare, na ce ai sabunta ce. Na tace maina, na cusa shi a aljihu, da niyyar in sayo wani in mayar.

A gona mutane sun taru. Na saki garma, ƙasa tana juyewa, ina tuƙi da hannu ɗaya ina gaisawa da ɗaya. Mai shanu yana gindin bishiya ya haɗe rai. Ban kai rabin gonar ba tantan ta yi tari, ta sake yi, ta ɗan yi rawa, ta yi shiru.

Na sauko da murmushi na ce ƙaramin abu ne. Na kwance ɗan kofin gilashin da datti ke taruwa a ciki. Maimakon baƙin laka da na saba gani, sai ga wani farin abu mai kauri ya kwanta. Filta, wato matatar man, ita ma haka. Na cire tiyo na sa baki na zuƙa don in buɗe hanya, ya ƙi, na ƙara ƙarfi, sai ya sako gaba ɗaya. Rabi ya tafi ciki, rabi ya sauka a gaban riga.

Baba ya matso, ya sa yatsa a kofin, ya murza, ya daɗe yana dubawa.

"Ikon Allah," ya ce. "Malam direba, ita ma koko take sha?"

Daidai nan sai ga gwaggon Asabe da ƙwaryar ruwa a ka, tana ba jama'a haƙuri. "Yau dai babu koko, ku yi haƙuri. Ƙyallen da ake tace gasara ne ya ɓata. Tun safe ake nema, har akuya ta sha duka a banza."

Ni kuma idona yana hawaye, bakina yana zafi, sai na laluba aljihu na zaro abin goge fuska. Na goge sosai. Sai da na ji wurin ya yi tsit na duba abin da ke hannuna.

"A'a," in ji gwaggo. "Ga shi nan ma."

Babu wanda ya yi dariya a gabana, mutanen Basirka suna da tarbiyya. Sun jira na juya baya. Mai shanu ya ɗaura garma ya ƙarasa gonar, yana kewaye tantan a hankali kamar mai kewaye kututture. Ni na zauna a inuwarta ina gyatsar gas, na tabbata na rasa Asabe.

Bayan an kwana biyu Baba ya aika wa kawuna. Ya ce an ba ni. Wai Inna ce ta ce yaron da ya gwammace ya yi sata da ya ɗaga ido ya yi mata magana, akwai kunya a tare da shi. Sai dai Baba ya ƙara da cewa, "A gaya masa baɗi ya zo da fartanya kamar kowa."

Tun daga nan, kowane ƙyalle sai na kakkaɓe shi na shinshina kafin ya hau mazurari. Kuma na gane cewa tambayar da ka ji nauyin yi wa mutum ɗaya a bayan danga, a gaban gari guda za ka ba da amsarta.