Yadda Nomau Ya Raba Muryar Babansa

A Kwarin Tsamiya katanga ɗaya ce tsakanin gidana da gidan Ladidi, matar marigayi Malam Hashimu mai albasa. Ni ɗinki nake yi a tsakar gida, saboda haka kaɗan ne daga abin da ke faruwa a gidansu yake wuce kunnena. 'Ya'yanta biyu ne, duk maza. Babban shi ne Nomau, ƙato mai sanyin hali, wanda in ka ce masa ya tsaya nan sai ka dawo, to ko ruwa ake yi da ƙanƙara nan za ka tarar da shi. Ƙaramin kuwa Nazifi ne, mai gyaran waya a bakin kasuwa, wanda ya yi karatu a birni ya dawo mana da aƙida. Cewa yake manhajar da kamfani ke zubawa a waya da kwamfuta, wato abin nan da ke tafiyar da su daga ciki, a kulle take, ba mai sanin abin da take ƙullawa. Tasa kuwa, Linux da danginta, mutane ne suka haɗu suka gina ta a buɗe, kowa ya duba, kowa ya kwafa. In ya fara wannan bayani, sai tuwo ya huce a gabansa.

Abu mafi daraja a gidan wata tsohuwar waya ce mai fasasshen gilashi. Malam Hashimu kan yi watanni a kudu wajen fataucin albasa, Ladidi kuma ba ta yi boko ba, don haka da murya yake aiko mata da saƙo. Da ya rasu, muryar ta saura a cikin wayar nan, ba ta ko'ina sai nan. Tun da Ladidi ta fita takaba ta daina shiga mutane. Kullum da hantsi sai ta saki labule, ta kunna saƙo ɗaya, ta yi shiru. Ina tausayinta, ina kuma jin haushinta, don a da ita ce abokiyar hirata.

Wata rana Nazifi ya zaunar da yayansa ya ce, "Yaya, wayoyin kamfanin nan duk abin da aka faɗa suna ji, suna ajiyewa. Kada ka ƙara buɗe baki a gabansu." Nomau ya ce to. Washegari ya ga awaki sun afka wa masarar da Ɗan'asabe mai injin niƙa ya shanya a bayan shago, shi kuwa Ɗan'asabe yana zaune yana latsa waya. Nomau ya tsaya a gabansa yana ɗaga hannu yana zare ido, bai ce uffan ba. Da abin ya ishe shi, sai ya karɓe wayar ya kifa mata kwano, ya ja mutumin har gindin tsamiya, sannan ya raɗa masa, "Awaki na cin masararka." Kafin su dawo ko ɓawo bai saura ba. Ɗan'asabe ya yi ta faɗa har muryarsa ta dashe, Nomau kuwa ko a jikinsa, tun da wayar ba ta ji komai ba.

Wata rana kuma Nazifi ya tayar da wata kwamfuta da ta shekara a kwance, ya zuba mata manhajarsa ta koma aiki. Murna ta cika shi, ya ce, "Yaya, duk tsohuwar na'urar da ka ga an jingine, kawo mini, ni zan tashe ta." Kafin la'asar rumfar Nazifi ta cika da matattun rediyoyi, da dutsen guga, da agogon bango mara hannu. A samansu duka ga keken ɗinkina, wanda na jingine a zaure na shiga yin salla. Na je kasuwa da mayafi a karkace na yi wa 'yan'uwan nan tatas. Nomau ya bari sai da Nazifi ya kawar da wayoyin da ke kan tebur, sannan ya ce, "Gwaggo, ai tsoho ne, kuma a jingine yake." Na ɗauki kekena na yi gida, don duka biyun gaskiya ne.

Wata rana Nazifi zai je birni sayo kaya, ya bar Nomau a rumfa. Ya ce masa, "Duk wanda ya zo neman a sauya masa manhaja, ka gaya masa komai. Mu ba ma ɓoye-ɓoye, shi ne bambancinmu da kamfani." Mutum na farko da ya zo, Nomau ya sa shi ya ajiye wayarsa, ya ja shi bayan rumfa. Ya gaya masa waya za ta yi sauri, talla za ta daina damunsa, batir zai daɗe. Ya ƙara da cewa tun da Nazifi ya sauya manhajar wayarsa, kyamarar ba ta ƙara ɗaukar hoto ba, kuma akwai wata wayar kamfani da yake ɓoyewa a aljihun ciki, da ita yake kiran budurwarsa. Haka ya yi wa na biyu da na uku. Labari ya kai kunnen Sagiru, abokin musun Nazifi, wanda shi ma ɗan aƙidar ne, amma kullum rantsuwa yake irin Linux ɗin da yake amfani da ita ta fi ta Nazifi. Sagiru ya yi dariya har da hawaye. Nazifi ya daɗe bai shiga majalisa ba, amma na lura daga ranar ya fara gaya wa mutane aibin abin kafin ya taɓa musu waya.

Ana nan sai wayar Ladidi ta fara ciwon tsufa. Ta mutu da kanta, ta tashi da kanta, wani lokaci ta sanƙare Malam yana tsakiyar magana. Nazifi ya dage sai ya sauya mata manhaja, Ladidi ta ce ba mai taɓa mata. Ina ji ta katanga yana yi wa Nomau ƙorafi a bakin rijiya. Ya ce, "Inna ba ta gane ba. Abin da aka kulle a wuri ɗaya, ranar da wurin ya mutu shi ma ya mutu. Wanda aka ba kowa ya kwafa shi ne ba ya ɓata." Nomau ya ce, "Komai da komai?" Nazifi ya ce, "Komai da komai."

Wata rana Ladidi ta ba Nomau wayar ya kai wurin mai caji, kamar yadda aka saba. Da ta cika bai dawo gida ba. Bai iya tura saƙo ba, amma ya san wayoyi suna ji suna ajiyewa, ƙaninsa ya gaya masa. Sai ya bi gari gida-gida. In ya shiga, ya ja mai gidan zuwa gefe ya ce a danna inda waya ke ɗaukar murya, sannan ya kunna Malam Hashimu, ya haɗa bakin waya da bakin waya, ya tsaya shiru har saƙo ya ƙare. Wasu sun yarda don suna kewar Malam, wasu don su rabu da Nomau. Ni ma ya shigo mini, na danna masa na koma kan kekena.

Kafin rana ta faɗi gari ya ɗauka. Malam Hashimu da muka sani mutum ne mai ɗaure fuska, ko a wurin biki ba ka ganin haƙorinsa. Ashe a waya "Ladina" yake ce wa matarsa. Yana tambayar ko ta shafa man kaɗanya a faso, yana ce mata miyar kudu ba ta kama ƙafar tata ba, har da wata 'yar waƙa da muryarsa kamar ta tsohon zakara. Mata suka riƙa sallama ta katanga, "Ladina, ya faso?" Ladidi ta shige ɗaki ta yi kukan da ko ranar rasuwa ban ji ta yi irinsa ba. Ta ce Nomau ya tsiraita ta a gari, ta daina amsa gaisuwarsa. Nazifi ya ce, "Yaya, manhaja nake nufi, ba sirrin Inna ba!" Nomau ya ce, "Ka ce komai da komai." Ni kaina a ranar na ga ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, don akwai abin da na mutum biyu ne kaɗai.

Da wayar ta ƙara mutuwa har ta kwana ba ta tashi ba, Ladidi ta haƙura ta miƙa wa Nazifi. Yaron bai yi ganganci ba, sai da ya kwashe muryoyin ya ajiye a kwamfutarsa, sannan ya wanke wayar tas ya zuba sabuwar manhaja. Waya ta tashi garau kamar yau aka saye ta. Yana cikin murna, kafin ya mayar da muryoyin, sai ga Sagiru da wata sabuwar manhajar kwamfuta da ta fito, yana cika baki cewa kwamfutar Nazifi ba za ta iya ɗaukarta ba. Su kuwa mutanen nan sauya manhajar kwamfuta a wurinsu kamar sauya riga ne. Nazifi ya ce a gwada yanzu-yanzu. Ya goge kwamfutar, ya ɗora sabuwar, ya ci musu. Sai da ya doshi gida sannan ya tuna abin da ke ciki.

Da hantsi Ladidi ta saki labule, ta latsa, ta sake latsawa. Ta fito ta ce, "Nazifi, ina Malam?" Ya durƙusa a gabanta ya sunkuyar da kai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye wayar a kan turmi ta zauna a ƙasa, sai na ga ta tsufa a gaban idona.

Nomau ya dube su, ya fita. Can sai ga shi da mutane a bayansa, Ɗan'asabe, da matar mai caji, da matan da suka yi ta tsokana, kowa da waya a hannu. Suka zauna a tsakar gida aka fara kunnawa ɗaya bayan ɗaya. A ta Ɗan'asabe Malam yana magana injin niƙa na ruri a bayansa. A wata jariri na kuka, a wata ana daka. Da aka zo kan waƙar ba wanda ya yi dariya, sai Ladidi, ta yi dariya hawaye na zuba, ta ce, "Bai taɓa iya waƙa ba, Allah ya ji ƙansa."

Nazifi ya tattara muryoyin ya mayar mata a waya, ya kuma ajiye a wurare daban-daban. Amma Ladidi ta ce saurarensu ita kaɗai a ɗaki ya yi mata shiru da yawa. Yanzu da hantsi mayafi take ɗauka, yau tana wannan gida, gobe tana wancan, a kunna mata Malam, a ɗan taɓa hira, har ta tsaya cin abinci.

Ranar da ta fara zuwa wurina na tsayar da keke na kunna mata nawa, wanda ban taɓa saurara ba. Saƙon ƙarshe ne da ya aiko kafin ciwo ya kwantar da shi. Ana jin ƙarar kekena, ana jin numfashin Nomau kusa da waya. Malam ya gama zancen albasa, ya ce, "Ki gaishe mini da Nomau. Ki ce ya riƙa yin abin da aka ce masa, kada ya ba ki wahala." Saƙon ya ƙare, amma wayata ta ci gaba da ɗauka. Sai muka ji Nomau, wanda ba ya buɗe baki a gaban waya, ya ce a hankali, "To, Baba."

Ladidi ta rufe fuska da mayafi ta daɗe. Sannan ta ɗaga murya ta katanga ta ce, "Nomau, ka ci abinci kuwa?"