Tsibirin Mushe Maiwada

Duk ƙasar Mayahi babu kan da ya kai na Mushe Maiwada nauyi, shi ya sa ma yake tafiya a hankali. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Tun da ya halarci wani taron masana a Yamai, inda aka nuna musu majigin tsuntsayen tsibiri, 'yan kabu-kabu suka laƙaba masa Dokta Fiffike. Shi kuwa har hula yake gyarawa in ya ji.

"Ku saurara, jahilai," in ji shi a rumfar mai shayi. "Tsuntsu iri ɗaya in ya faɗa tsibiri, zuriyarsa rarrabuwa take. Wani ya yi dogon baki, wani dogayen ƙafafu, kowa da abincin da ya samu. A can sai an yi shekaru dubbai. Amma can ba su da ni."

Da damina ta cika tabkin bayan gari, wani tudu ya rage a tsakiya. Ai kuwa Dokta ya samu tsibiri! Matsalar dai ba shi da ko ɗan tsako. Sai ya kwashe kajin matarsa Zara'u, waɗanda take kiwo don jegon 'yarsu Balkisu mai tsohon ciki, ya ɗora akurki a ka, ya kai su can. Ya hana a kai musu ko tsaba, wai yunwa ce ke ƙera jiki. Shaho ma ya yaba da wannan bincike ƙwarai.

Ranar da Balkisu ta haihu Dokta ya tara gari a bakin tabki. Ga fararen tsuntsaye a tudun, zaƙo-zaƙo, masu dogon wuya. Balbelu ne, ko yaron goye ya sani, amma kowa ya kame bakinsa don daɗin kallo.

"Wala! Ga su nan!" Dokta ya daka tsawa, har da ƙwalla. "Ku dubi ƙafafu! Ku dubi wuya!"

"Madalla, Malam," in ji Zara'u. "Kamo min biyu, mai jego na jiran farfesu."

Ya naɗe riga ya shiga ruwa, laka har ƙirji. Yana isa suka tashi fir, suka sauka cikin shanun Hammadu makiyayi. Dokta ya tsaya kan tarin gashin kaji, ya juyo yana haki.

"Kun gani? Har tashi sun koya!"

"To zauna nan kai ma ka koya, ka bi su," in ji Zara'u. "Don ba ka shigar min gida sai da kajina."