Layin da Aka Binne da Ransa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har tana tumbatsa, iyalan Jagora mai shagon fenti suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar layinsu na tafiya, wanda 'yan zamani ke kira i-sim. Ya rasu a ƙasar mutane, cikin jirgin ƙasa, a hannun mai shi, yana tsakiyar ƙuruciyarsa, bai ko ci rabin datar da aka haife shi da ita ba.

Waɗanda ba su san marigayin ba, kada su damu, mu ma ba mu taɓa ganinsa ba. Ba shi da jiki. Ba irin ɗan sim ɗin nan ba ne da ake zira wa waya a gefe. Auta, 'yar Jagora da ke karatun haɗa magunguna a wata ƙasa, ita ce ta saye shi, ta turo shi wayar uwarta a hoto, ɗan zane mai ɗige-ɗige kamar ƙudaje sun yi taro. Aka haska hoton da wayar uban, layi ya shige ciki ya kwanta, yana jiran ranar da za a sauka a can ya farka. Haihuwarsa ke nan, ba naƙuda ba ungozoma.

Domin aiki ɗaya tak aka kawo shi duniya. Za a yaye su Auta, makaranta kuma ta ba kowane ɗalibi kujerar baƙo guda. Kowa a gidan ya san wadda ta cancanci kujerar nan. Mama Tela ce, uwar yarinyar, wadda ta taka keken ɗinki har gwiwarta ta kumbura, tana kai ɗinkin mutane da ƙafa, ita ce kuma ke zama a waya tana lallashin Auta duk lokacin jarrabawa. Amma Jagora ya gyara zama a falo ya yanke hukunci.

"Ke da ko a kasuwa sai kin tambayi ƙofar fita? Can ba nan ba ce. Ɓata za ki yi, ki ba mu aiki. Ni zan je. Idan aka zo kiran sunanta sai in ɗaga miki waya, ki gani kamar kina wurin."

Mama Tela ta ciji zare ta tsinke shi, ta ce, "To, Baban Auta. Ka dai ɗaga da kyau."

Sunan Jagora ba a banza ya same shi ba. Bai iya tuƙi ba, amma bai taɓa shiga mota ya bar direba ya huta ba. Ko makaho ya tambayi wani hanya a ƙofar shagonsa, sai ya ajiye gwangwanin fenti ya fito ya gyara kwatancen. An ce matambayi ba ya ɓata. Shi kuwa a wurinsa tambaya ita ce ɓatan.

Da ake saka masa layin, Auta ta yi masa gargaɗi ta waya, duk muna ji.

"Baba, sau ɗaya yake shiga. In aka cire shi, ya tafi ke nan. Ko ka ga sabis ya ɗauke, don Allah kada ka taɓa komai, zai dawo da kansa."

"Ni za ki koya wa waya? Ina riƙe da waya aka yaye ki daga nono."

Mama Tela ta ce ko za a rubuta masa adireshin zauren taron a takarda ya sa a aljihu. Ya ce takarda ta masu mantuwa ce.

Marigayin ya yi rayuwa mai kyau, kuma mun shaida. Tun jirgin sama bai gama tsayawa ba ya farka, ya yi sallama da 'yar muryarsa mai daɗi, ƙiling, ƙiling. Bai taɓa cewa ya gaji ba. Ba ya ƙiwa, ba ya tsegumi, ba ya zaɓen wanda zai kai wa saƙo. Shi ya riƙe hannun Jagora daga filin jirgi har masauki, wata mata a cikin taswira tana ta faɗin dama da hagu, Jagora yana ce mata ai ya sani. Haƙurinsa kuwa sai dai mu yi koyi. Ya ɗauki hoton famfon banɗakin masauki ya kai wa abokan shago. Ya ɗauki bidiyon matakala mai tafiya da kanta, hawa da sauka, hawa da sauka, ya kai wa maƙwabta. Ya jure kiran da Jagora ya yi wa mai gyaran taya na kusa da shagonsa don kawai ya nuna masa kwalta. Duk wannan wulaƙanci bai sa ya ɗaure fuska ba. Sandunansa na sabis suna tsaye ƙyam a saman waya kamar 'yan makaranta a layi.

Ranar taron, Auta ta biyo masauki da safe, da rigar yayenta a leda, ta ce su tafi tare, don ana son ɗalibai su riga baƙi isa.

"In je in zauna ina gadin kujeru? Tafi abinki. Ina da layi, ina da ido."

"Baba, jirgin yana canja hanya a tsakiya, akwai inda za ka sauka ka hau wani."

"Auta, kafin a kira sunanki za ki gan ni a gaba, da hulata."

Ta gyara masa wuyan riga ta tafi.

A gida kuwa Mama Tela ta share falo, ta aro kujeru, ta sa sabuwar rigar da ta ɗinka wa kanta da ragowar yadin da ta yi wa Auta tata. Ta jingina waya a jikin ƙwaryar zare a kan keken ɗinki, yadda kowa zai gani. Maƙwabta suka cika ɗakin, har da matar mai gyaran taya da ba a gayyata ba.

Yanzu mun zo kan ciwon ajali, kuma muna roƙon masu raunin zuciya su yi haƙuri.

Jirgin ƙasan da Jagora ya hau yana tafiya a sarari, sai ya sunkuya ya shige ƙarƙashin ƙasa. Sandunan marigayin suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Matar taswira ta yi shiru. Wani ɗan zobe ya fito a fuskar wayar yana ta juyawa. Masana sun tabbatar mana daga baya cewa suma ce kawai, irin wadda kowane layi yake yi a cikin rami, kuma duk mutanen da ke taragon layukansu ma sun suma, ba wanda ya ko ɗaga kai. Da an bar shi, da jirgi na fitowa zai yi atishawa ya tashi.

Amma Jagora yana da magani. Duk wanda ya riƙe waya tun zamanin masu madannai ya san shi. In sabis ya ɗauke, ka zare sim, ka hura masa iska, ka goga shi a gefen riga, ka mayar. Da wannan magani ya warkar da wayoyin rabin unguwarsu, yana yi yana wa masu su faɗa. Sai ya zaro tsinken sakace daga aljihu ya tsokani gefen wayar. Ɗan faranti ya fito ɗauke da tsohon sim ɗinsa na gida, wanda tun da aka tsallake iyaka yake barci. Ya hura masa iska, ya goge shi, ya mayar. Zobe bai daina juyawa ba.

Ya ce a ransa, to, ai ba wannan ne marar lafiyar ba. Ya shiga saitin waya yana lalube har ya iske marigayin kwance, da wani jan rubutu a ƙarƙashinsa mai cewa a cire. Ransa ya yi fari. Ga maganin nan ashe, sun dai ɓoye shi ne. Zai cire, ya ɗan jira ya sha iska, ya mayar.

Wayar, Allah ya saka mata, ta tambaye shi ko ya tabbata. Jagora bai taɓa rashin tabbata ba tun da aka haife shi. Ya danna.

Bai yi ko ƙara ba. Haka masu hali suke tafiya.

Jirgi ya fito sarari, rana ta haska taragon, wayoyin mutane suka farka ko'ina, ƙiling nan, ƙiling can, kamar ana yi masa gwalo. Tasa ta yi shiru. Ya koma inda ya bar marigayin don ya mayar da shi, ya tarar da wurin wayam. Ya hura wa wayar iska ta ramin caja. Ya goga ta a riga, gaba da baya. Wata tsohuwa da ke gefensa ta janye jakarta ta koma wata kujera.

Sunan tashar da zai sauka yana cikin taswira. Sunan zauren yana cikin taswira. Lambar Auta tana cikin waya, amma ba abin da zai kai kiran. Ya sauka inda ya ga mutane da yawa sun sauka, don a ganinsa duk mai hankali bikin Auta zai je. Ya bi wasu masu kwat har ƙofar wani asibiti. Ya dawo ya hau wani jirgin, ya kai shi inda layin dogo ya ƙare, babu komai sai wurin wanke motoci. Ko a nan bai tambayi kowa ba, sai da sabon takalmi ya sale masa dunduniya. Da ya buɗe baki kuma, ba mai jin harshensa, shi ma ba ya jin nasu, abin da ya iya kawai shi ne ya zana hula mai kusurwa huɗu, irin ta masu kammala karatu, a iska a saman kansa. Wani ya nuna masa shagon huluna.

Rana ta yi sanyi kafin wata mai sayar da shayi a tasha ta gan shi zaune a kan benci da takalmi a hannu, ta karɓi wayar ta haɗa masa da wayfai ɗin shagonta. Saƙonni suka zubo kamar an kwance buhu. Ya miƙe ya karanta su a jere, a tsaye.

"Baba, ka taso?"

"Baba, an fara shiga."

"Kana ina? Kujerarka tana layi na gaba, na sa an rubuta sunanka."

"Baba, an kusa zuwa kanmu."

Na ƙarshen gajere ne. "An kira ni. Da Mama ce ta zo."

A gida, waya ta yini jingine da ƙwaryar zare ba ta ce uffan ba. Maƙwabta suka fara tuna sun bar tukunya a wuta. Matar mai gyaran taya ce ta fita ƙarshe, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ikon Allah. Mu dai mun ga famfon banɗaki, ba mu ga Auta ba." Mama Tela ta cire sabuwar rigar ta ninke, ta mayar da kujerun mutane, ta zauna ta ci gaba da kafa wuyan rigar wani yaro.

Da Jagora ya dawo, ya shigo da bayani a bakinsa, cewa layin ne ba shi da inganci, kuma mutanen can ba su iya gina jirgi ba. Ta bar shi ya kai aya, ƙafarta a kan keke.

"Sannu da hanya, Baban Auta. Gara da ban je ba. Da na ɓata."

Marigayin ya rasu ya bar tsohon sim na gida, wanda aka goge shi ba laifin tsaye ba na zaune, har yanzu yana jin ciwon abin. Ya bar caja da igiyarta. Ya bar tsinken sakace, wanda ake tuhuma da taimakawa. Ya bar data mai yawa da ba ta da magaji, hotunan famfo masu tarin yawa, da bidiyon matakala. Ya kuma bar ɗan guntun bidiyo guda da iyayen wata ɗaliba suka ɗauki 'yarsu, inda Auta ta faɗo a gefe, rabin fuskarta kawai, tana karɓar takardarta da hannu, idonta yana kan layin gaba yana nema. Shi Mama Tela take kallo in ta gama aiki. Jagora in ya ji an kunna shi sai ya tuna bai rufe shago da kyau ba. Auta tana gaishe shi in ya ɗauki wayar uwarta, gaisuwa cikakkiya, ba ragi, sannan ta ce, "Ba ni Mama."

Game da jana'iza, ba za a yi wanka ba, don babu gawa. Ba za a haƙa kabari ba, don mai shi ya riga ya binne shi da hannunsa, kuma yana yawo da kabarin a aljihun gaba. Za a yi zaman karɓar gaisuwa a falon gidan ranar hutun ƙarshen mako, da hantsi. Ana roƙon masu zuwa daga nesa su tambayi hanya wurin duk wanda suka gani, ban da mai makokin. Kada kowa ya kawo shawara, akwai ta da yawa a gidan ba a taɓa ba.

An aro kujeru, za su ishi kowa. Guda ɗaya ce za a ajiye a gaba, da sunan Jagora a jiki, kuma ana roƙon kada kowa ya zauna a kanta. Mama Tela ta ce shi a ba shi ta baya, daidai inda zai riƙa ganin kujerar gaban babu kowa a kanta.